Sunan Da Bakinta Ya Ƙi Faɗa

"Tashi ki gyara, Babanki na kira. Baffanki Dodo ma ya iso."

Goggo Hajara ce ta leƙo ɗakin ta faɗi haka, ɗankwali a karkace kamar kullum. Nuriyya na zaune a bakin gado tana kallon ruwan da ke ɗiga daga indararo. An yi ruwa da hantsi, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika unguwar Ƙofar Rini, ita kuwa tun safe take jin jikinta sakayau, kamar ba ƙasa take takawa ba.

Ta san kiran. Yau mahaifinta, Alhaji Maccido mai hatsi, zai tambaye ta mijin da ta zaɓa, kuma ya yi alkawari gaban 'yan'uwansa duk wanda ta ambata shi zai ba.

Mutum biyu ne ke nema. Akwai Bashar, ɗan Baffa Dodo yayan mahaifinta, mai shagon atamfa a kasuwa, wanda suka yi rarrafe a tsakar gida ɗaya. Sai Gazali, ɗan manoman shinkafa na Wamakko, mai aiki a wajen haƙar dutsen siminti a Kalambaina. Gazali ba shi da komai sai haƙuri da iya sauraro, amma fa shi ne. Tun ranar da ya kawo ɗiyar ƙanwarsa makarantar da Nuriyya ke koyarwa, ya tsaya yana ta gaisuwa har aka kaɗa ƙararrawa, magana ta ƙare a zuciyarta.

Da ba don ciwo ba, da tuni an wuce wurin. Bara ne ta fara wata irin rawar jiki, gumi ya karyo mata, ido ya rufe, sai an ba ta abu mai zaƙi ta dawo hayyacinta. Aka ce iska ce, aka sha rubutu, aka yi hayaƙi. Daga baya babban asibiti ya gano ciwon daji ne a wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ke daidaita sukarin jiki, pankiriyas inji likitoci. Suka ce ko a cikin ciwon wannan gaɓar ma irin nata ba a cika gani ba. Aka yi mata aiki, ta rame, ta yi fari fat, ta kuma miƙe da ikon Allah.

Daga nan Baffa Dodo ya kafa tutarsa. "Ɗiya mai lalura ba a kai ta gidan bare. A bar ta cikin dangi, inda za a duba ta." Gazali kuwa ko gezau. Kullum ya tashi aiki sai ya biyo da babur ɗinsa, gira da gashin ido duk farar ƙura, ya zauna a zaure yana ba ta labarin ɗaki biyu da yake ginawa a Wamakko, taga tana kallon fadama.

Abin dariyar, duk wannan soyayyar Nuriyya ba ta taɓa kiran sunansa da bakinta ba. Ina! Ɗiyar gidan Maccido ta kama sunan wanda take fatan ya zama mijinta? Inna Kulu, mahaifiyarta, har ta yi furfura ba a taɓa jin ta ce Maccido ba. A gabansa Malam take ce masa. In da Goggo take hira, mutumin Wamakko ne. Sunan yana nan a ƙirjinta a nannaɗe, kamar sabon zane da ake ajiya a ƙasan akwati.

Yau dai za ta fito da shi.

Abu ɗaya ta ɓoye wa kowa. Kwanakin nan kanta na sarawa da asuba, kuma kalmomi sun fara yi mata wasan ɓuya. Ta so ta ce cokali ta ce makulli. A aji ta tsaya da alli a hannu, ta nemi sunan allo ta rasa, yara suna ta ƙyalƙyala dariya. Ta ce a ranta gajiya ce. Tsoro take ji kada Baffa ya ji ya ƙara samun abin faɗa.

A ɗakin Baba ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi. Baffa Dodo ya harɗe a kan darduma yana jan carbi. Goggo ta zauna kusa da ita.

"Nuriyya," Baba ya ce a hankali, "ke ba yarinya ba ta. Kin yi karatu, kina aiki, kin san ciwon kanki. Ga Baffanki, ga Goggonki, kowa shi ji da kunnenshi. Hwaɗi mini sunan wanda kinka zaɓa."

Ta sunkuyar da kai. Ɗakin ya yi mata nisa. Sai ga fadama shimfiɗe a idonta, shinkafa kore shar, iska na kaɗa ta, ga shi can a tsaye bakin taga yana murmushin nan nasa na gefen baki. Ta ji wani sanyi mai daɗi ya ratsa ta. Ta ɗauko sunan daga inda ta ajiye shi, ta buɗe baki.

Zuciyarta Gazali ta ce. Bakinta ya ce, "Bashar."

Ita ba ta ma ji ba. Ta rufe fuska da tafuka tana jin kunyar abin da take zaton ta faɗa.

"Alhamdu lillahi," inji Baffa Dodo, ya saki carbi ya shafa fuska. "To, kun dai ji. Jini ba ya ƙarya. Bashar tac ce."

Sunan da Baffa ya faɗa ya daki kunnen Nuriyya. Ta ɗago da sauri.

"A'a, Baba, ba shi ba. Ni... Bashar nake nufi."

A wannan karon ta ji shi sarai, ya fito daga bakinta kamar wani ne ya yi magana. Baffa ya yi dariya har da buga cinya. "Mun ji, ɗiyata, mun ji. Har sau biyu."

Baba ya daɗe yana kallonta, don shi ba haka ya zata ba. Amma magana ta fita gaban shaidu. Ya juya wajen yayansa ya ce, "Yaya, na ba Bashar. Allah shi sa albarka."

Nuriyya ta yunƙura za ta miƙe. Hannunta na dama ya fara karkarwa shi kaɗai, silin ɗin ɗakin ya juya, muryar Goggo ta koma can nesa tana salati. Daga nan ba ta ƙara sanin inda take ba.

A asibiti kwanakin suka narke mata suka zama abu guda. Takan farka ta ga fanka na juyawa, ta sake lumshe ido ta tsinci kanta cikin kwalekwale a gulbin Rima, ba mai tuƙi, ruwa na tafiya da ita a hankali. A mafarkin bakinta lafiya lau. Takan kira shi da sunansa tun daga tsakiyar ruwa, ba kunya ba komai, shi kuma ya amsa daga gaɓa.

Da aka ɗauki hoton kanta, likita ya kira Baba da Goggo bakin gadon. Ya zaci barci take yi.

"Alhaji, ciwon nan na cikinta ne ya yi reshe ya hau ƙwaƙwalwa. Irinsa bai cika kaiwa can ba, amma nata ya kai. Ya zauna daidai wurin da magana ke fitowa. Hankalinta ƙalau yake, tana gane kowa, sai dai abin da ta yi niyyar faɗa daban, abin da zai fito daban. Za mu ba ta maganin da zai rage kumburi, mu gwada gasa wurin da na'ura."

"Za ta warke?" Baba ya tambaya.

Likita ya ce, "Za mu nema mata sauƙi da ƙarin lokaci. Amma maganar za ta iya ci gaba da raguwa. In akwai abin da kuke so ku ji daga bakinta, kada ku jinkirta."

Hawaye ya gangaro mata ta gefen ido ya shige kunne. Wallahi ba mutuwar ce ta fara ba ta tsoro ba. Abin da ya tsaya mata a wuya shi ne ta tafi Gazali na zaton ta yaudare shi.

Don labari ya riga ya kai masa. Tun ranar ba a ƙara jin ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida ba. Da aka sallamo ta, ta ɗauki waya da hannun hagu za ta rubuta masa saƙo, haruffan suka watse mata, ta kasa haɗa ko kalma ɗaya. Ta kira, ya ɗauka ya ce, "Malama, ya jiki? Allah Ya ba ki lafiya, Ya sanya alheri." Muryarsa a dushe. Ta buɗe baki, abin da ya fito shirme ne, sai ta kashe ta kifa kai a matashi ta yi kuka mai isarta.

Bashar kuwa kullum yana hanya da ledar lemo da ayaba. Ba mugu ba ne, Allah Ya sani. Ya ce ko a kwance take ya ji ya gani. Sai dai in Goggo ta ɗan taɓo maganar mutumin Wamakko, sai ya ce, "Goggo, da bakinta ta faɗa fa."

Wata rana da hantsi Goggo na taje mata kai a inuwar dogon yaro, Nuriyya ta nuna randa ta ce, "Goggo, ba ni takalmi in sha."

Goggo ta ɗebo ruwan ta ba ta. Sai kuma ta tsaya cak da moɗa a hannu.

"Ke, tsaya. Ruwa kinka so, takalmi kinka ce." Ta zauna daɓas a tabarma. "Ni Hajara, ina hankalina yat tahi? Dube ni nan. Bashar."

Nuriyya ta dube ta ido cikin ido, ko ƙiftawa babu.

"Gazali."

Kafin Goggo ta rufe baki Nuriyya ta ja gefen zane ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara rawa.

"Shi ke nan," Goggo ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Mu tsofaffin banza munka zauna muna ta barka. Yaushe ɗiyar gidan ga ta taɓa kama sunan masoyinta gatsau gaban ubanta, har sau biyu, ba ko inda-inda? Sunan da kinka saba kira tun kina tatata shi yaz zamo miki a baki. Wanda kinka ɓoye, harshe bai san hanyarshi ba."

Nuriyya ta rungume ta tana gyaɗa kai, tana kuka, tana dariya, duk a haɗe.

Ko da Baba ya dawo daga kasuwa bayan azahar, Goggo ba ta bari ya kwance rawani ba ta zayyane masa komai. Ya shigo ɗakin Nuriyya, abin da ya daɗe bai yi ba, ya zauna a bakin gado.

"Gaskiya ta, Nuriyya? Ba Bashar kinka nuhwa ba?"

Ta girgiza kai da ƙarfi. "Baba... ba shi. Ni... wancan. Mai... mai..." Kalmar ta tsere. Ta bugi ƙirjinta da hannun hagu. "Yana nan, Baba. Yana nan. Ya ƙi fita."

"Na gani, ɗiyata. Bar kuka."

"Kar ka... kar ka ba ni. Don Allah. Lokaci... kaɗan ne. Ina so..." Ta kasa ƙarasawa.

Baba ya sunkuyar da kai. Dattijon da ake shakkar muryarsa a kasuwar hatsi, yau ga shi yana share ido da bakin rawani.

"Na riga na ba yayana magana, Nuriyya. Tun da uwarmu ta haihe mu ban taɓa ce mishi e in koma in ce a'a ba. Ya shaida ma abokanshi, ya shaida ma liman. In na tahi nic ce kin gyaɗa kai, ko kin nuna da yatsa, cewa za shi yi Hajara ta kitsa. Shi da kunnenshi yaj ji." Ya yi ajiyar zuciya. "Amma ga abu guda. Zan aika a kira yaron gobe bayan la'asar. In kinka kira sunanshi gabana, ko sau guda, zan ɗauki kunyar in kai gidan Yaya da ƙahwata."

Washegari tun safe suke abu ɗaya ita da Goggo, kamar mai koya wa yaro karatun allo.

"Ce Ga."

"Ga."

"Za."

"Za."

"To haɗa. Gazali."

"Ga... Ga... gado."

"Gadon ƙaniyarki. Sake."

Suka yi dariya, suka yi kuka, suka sake. Wajen azahar ya fito mata cif sau ɗaya, har Goggo ta rangaɗa 'yar guɗa ƙasa-ƙasa. Nuriyya ta damƙe sunan a baki, ta ƙi cin abinci, ta ƙi magana da kowa, wai kada ya zube.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, garin ya yi lumshi. Ta ji tsayuwar babur a waje, ƙarar da za ta gane ko cikin kasuwa. Goggo ta yafa mata mayafi ruwan toka ta riƙo ta zuwa ɗakin Baba.

Yana durƙushe gefe, kansa a ƙasa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya yi wanka ya sa farar shadda, amma ga sauran ƙurar Kalambaina a bayan kunnensa. Tausayinsa da sonsa suka taso mata lokaci guda.

"Gazali," Baba ya ce, "an gaya maka abin da likita yac ce?"

"Goggo ta gaya mini, Baba."

"Ka san ba lahiya za ka ɗauka ba? Jinya ta. Wataƙila wata rana ko kalma guda ba ka samu daga bakinta."

"Na sani, Baba." Muryarsa ta karye. "Da na ji an ce wani ta zaɓa, na haƙura na yi mata addu'a, don ba na son in zame mata nauyi. Amma ban iya barci ba, ban iya cin abinci ba. In ni take so, ko kwana nawa Allah Ya rubuta mata, ina roƙon a bar ni in yi su tare da ita. Abin da duk za ta faɗa mini, ai ta riga ta faɗa a zauren nan."

Baba ya juya. "Nuriyya, ɗago ki dube shi. Wane na wanga?"

Ta ɗago. Shi ma ya ɗago, idanunsu suka haɗu.

Nan take ɗakin ya yi shiru a kunnenta. Ta ga taga a buɗe, labule na kaɗawa, fadama ta cika da ruwa har bakin gona. Ta ga kanta a tsakar gidan da ba ta taɓa takawa ba, tana shanya farar rigarsa a igiya, shi kuma yana shigowa da sallama. Komai a fili, komai kusa, kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Sunan yana nan a kan harshenta, da ɗuminsa. Ta ja numfashi, ta yi bisimilla a zuci.

"Bashar."

Goggo ta dafe kai. Baba ya runtse ido.

Nuriyya ta ji abin da ta faɗa. Ta kai hannu ta toshe bakinta, ta shiga girgiza kai, hawaye na zuba ta tsakanin yatsunta. Shi ke nan, ta kashe kanta da bakinta, a gabansa kuma. Ta so ƙasa ta tsage ta shige.

"Na'am."

Gazali ne. Bai ɗaga murya ba, bai kuma kawar da ido daga kanta ba.

Baba ya buɗe ido. "Yaro, ba sunanka tac ce ba."

"Na ji, Baba. Amma ni ta duba." Hawaye na bin kumatunsa, bai share ba. "Shekara da shekaru ina zuwa gidan nan ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ban taɓa ɓata ba ko sau ɗaya in da ni take. Yau ma da ni take. Ko da sunan tabarma ta kira ni, zan amsa."

A waje yayyafi ya fara sauka a kan kwano.

Baba ya daɗe yana duban ɗiyarsa, ya dubi saurayin da ke durƙushe. Can ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara rawani.

"Hajara, miƙo mini lema."

"Ina za ka cikin ruwan ga?"

"Gidan Yaya. In ya so shi yi hushi da ni har shekara." Ya tsaya a bakin ƙofa bai waiwayo ba. "Kai kuma ka shaida ma manyanka su taho Juma'a. Ba mu da lokacin ja."

Ya fita. Goggo ta bi bayansa tana fyace hanci, ta tsaya daga bakin ƙofa ta ba su baya.

Nuriyya ta sauke hannu daga bakinta a hankali. Akwai magana cike da cikinta, godiya, da ban haƙuri, da tsoron abin da ke gaba, ba ko ɗaya da ta san hanyar fita. Ta dube shi, ta sake gwadawa da ɗan abin da ya rage mata.

"Bashar," ta ce, can ƙasa-ƙasa.

"Na'am, Nuriyya," ya ce. "Ina jin ki."